Ƙofofin Dayafaram da Abubuwan da Ke Ratsa Su

Tambaya: Malam, ina karatun ilimin sassan jikin ɗan Adam. Na haddace cewa dayafaram yana da manyan ƙofofi uku, a T8 da T10 da T12, amma kullum sai in rikita abin da ke bi ta kowace. Kuma akwai abin da ban gane ba: tunda tsoka ce da ke motsi a kowane numfashi, me ya hana ta matse jijiyoyin jinin da suka ratsa ta?

Amsa: Tambayarka ta biyu ita ce mabuɗin ta farko. Ƙofofin nan uku ba da abu ɗaya aka yi bakinsu ba. Ɗaya a cikin agara take, ɗaya a cikin tsoka, ta ukun kuwa ba a jikin dayafaram ɗin ma take ba, a bayansa take. Idan ka san da me aka yi bakin kowace ƙofa, za ka san abin da numfashi ke yi mata, daga nan kuma ka gane dalilin da ya sa abu kaza ya bi ta nan bai bi ta can ba. Haddar lambobi ita kaɗai takan gudu ranar jarrabawa, amma wannan ba ya gudu.

Mu fara daidaita kalmomi, domin kalmar jijiya tana ɗaukar abubuwa da yawa. Zan ce jijiyar kai jini ga wadda ke ɗauko jini daga zuciya, jijiyar dawo da jini ga wadda ke mayar da shi, jijiyar saƙo ga wadda ke kai umarni da ji tsakanin laka ko ƙwaƙwalwa da sassan jiki, sannan agara ga farin zare mai tauri da tsoka ke ƙarewa a cikinsa. T8 kuma na nufin gaɓa ta takwas ta ƙashin baya a yankin ƙirji, L na nufin gaɓoɓin yankin kwankwaso, C na wuya.

Dayafaram shimfiɗa ce ta tsoka da ta raba ƙirji da ciki, siffarta kamar ƙwaryar da aka kife, sai dai tana da tozo biyu, na dama ya ɗan fi na hagu tsawo, hanta na zaune a ƙarƙashinsa. Zaren tsokar yana tasowa daga gefe ko'ina ya nufi tsakiya, inda ya ƙare a faffaɗar agara mai kunnuwa uku, wadda jakar zuciya ke manne a kanta. A gaba tsokar ta taso daga bayan ɗan ƙashin da ke ƙarshen ƙashin ƙirji. A gefe ta taso daga cikin haƙarƙari shida na ƙasa da guringuntsinsu, wato na 7 zuwa na 12. A baya ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi zura ido. Akwai ginshiƙai biyu na tsoka da suka taso daga gaban ƙashin baya: na dama daga L1 zuwa L3, shi ya fi tsawo da kauri, na hagu daga L1 zuwa L2. Sannan akwai ɗaure-ɗaure masu siffar baka. Bakan tsakiya guda ɗaya ne, ya haɗa ginshiƙan biyu ta gaban ƙashin baya. A kowane gefe kuma akwai bakan ciki, wanda ya tsallake saman tsokar sowas mai gangarawa ta gefen ƙashin baya zuwa cinya, da bakan waje, wanda ya tsallake saman faffaɗar tsokar kwankwaso ya kama haƙarƙari na 12.

Da yake tsakiyar ƙwaryar ta fi tsawo, bayanta kuma ya gangara ƙasa sosai, jerin lambobin ya zama mai sauƙi: duk ƙofar da ta fi kusa da baya ita ta fi ƙasa. Ta bena kaba, babbar jijiyar dawo da jini, tana gaba kuma sama, T8. Ta bututun abinci tana tsakani, T10. Ta ayota, babbar jijiyar kai jini da ta fito daga zuciya, tana can baya kuma ƙasa, T12. Ta farko tana dama da layin tsakiya, ta biyu tana ɗan hagu, ta uku kusan a kan layin take. Kada dai ka ɗauki lambobin nan tamkar an kafa su da ƙusa. Dayafaram yana sauka kimanin santimita ɗaya da rabi a numfashin hutu, yana iya kaiwa santimita 6 zuwa 10 idan aka ja dogon numfashi, kuma ya fi hawa sama idan mutum yana kwance. Saboda haka ƙofofin biyu na farko suna hawa suna sauka, ta ayota ce kawai ba ta gusawa.

Ƙofar bena kaba tana cikin agarar tsakiya, wajen haɗuwar kunnen dama da na tsakiya. Bena kaba ta ƙasa ita ce babbar jijiyar da ke dawo da jinin ƙafafu da ƙoda da hanta da sauran rabin jiki na ƙasa zuwa zuciya. Bangonta siriri ne, ƙarfin jinin cikinta kaɗan ne, da an ɗan danna ta sai ta lotse. Da a ce ta tsoka ta bi, da duk lokacin da aka shaƙi iska an shaƙe ta. Amma agara ba ta tsukewa. Idan tsokar gefe ta ɗame sai ta ja agarar ta kowace fuska, bakin ƙofar ya buɗe, kuma da yake bangon jijiyar manne yake da bakin ƙofar, ita ma sai a buɗe ta. A daidai wannan lokacin matsin cikin ƙirji yana raguwa, na cikin ciki yana ƙaruwa, jini ya tsotsu zuwa sama. Ka ga numfashi da kansa famfo ne da ke taya zuciya karɓar jini.

Wani abu yakan rikita ɗalibai a nan. Idan aka ɗora na'urar sikanin a saman ciki, za a ga bena kaba tana ƙanƙancewa lokacin shaƙar iska, sai mutum ya ce ai an ce buɗewa take yi. Duka biyun gaskiya ne. Wurin da ake aunawa a sikanin yana ƙasa da dayafaram da ɗan tazara, cikin ciki, inda matsi ya ƙaru kuma aka zuƙe jinin zuwa sama. Bakin ƙofar daban, sashen da ke ƙasa da shi daban.

Tare da bena kaba, rassan firenik ta dama, jijiyar saƙon da ke motsa dayafaram, suna bi ta wannan ƙofa ko ta gefenta daf da ita, da wasu magudanan limf, wato ruwan da ke tsatsowa daga naman jiki ya koma cikin jini, da ke tasowa daga saman hanta. Jijiyoyin dawo da jini na hanta suna zuba cikin bena kaba daf da ƙasan ƙofar, kuma da ta shiga ƙirji tazara kaɗan ta rage ta faɗa zuciya. Wannan ƙuncin wuri ne ya sa rauni a nan yake cikin mafi wuyar raunukan da likitan fiɗa zai tarar: jijiyar tana bayan hanta, babu sararin da za a kama ta sama da ƙasa cikin sauƙi.

Firenik ta hagu ba ta da babbar ƙofa. Ita kaɗai take huda tsokar tozon hagu, a gefen jakar zuciya kusa da tsinin zuciya. Firenik ta dama da ta hagu duka suna rarrabuwa ne su ba tsokar umarni, kuma yawancin rassan ta ƙarƙashi suke bazuwa. Shi ya sa idan za a yanka dayafaram a fiɗa akan bi gefe a kewaye, santimita 2 zuwa 3 daga inda ya kama haƙarƙari, don a kauce wa manyan rassan.

Yanzu ƙofar bututun abinci, wadda ita ce ta fi yawan labari a asibiti. Tana daidai T10, ɗan hagu da layin tsakiya, siffarta kamar ƙwai. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, duk da tana hagu, a mafi yawan mutane zaren ginshiƙin dama ne ya yi ta. Zaren ya taso daga dama, ya rabu biyu, ya kewaye bututun kamar majajjawa, ya sake haɗuwa. Tunda bakin ƙofar tsoka ce, duk lokacin da aka shaƙi iska sai ta matse bututun. A nan matsewar alheri ce. Lokacin shaƙar iska, ko tari, ko yunƙuri, ko ɗaga kaya mai nauyi, matsin cikin ciki yana hawa yana neman tura abin da ke tumbi ya koma sama. A daidai wannan lokacin majajjawar ke tsukewa ta rufe hanya. Abin da zai cutar da bena kaba shi ne abin da bututun abinci ke buƙata.

Majajjawar ba ita kaɗai ke tsaron wurin ba. A cikin bangon bututun da kansa akwai zoben tsoka a ƙarshensa na ƙasa, tsawonsa santimita 3 zuwa 4, kuma a lafiyayyen mutum zoben ciki da majajjawar waje suna kan juna, ƙarfinsu ya haɗu. Akwai ɗan guntun bututun da ke cikin ciki, santimita 1 zuwa 2 da ɗoriya, wanda matsin ciki ke dannawa ta waje ya taimaka wajen rufe shi. Akwai kuma kusurwa mai tsini da bututun ya yi da saman tumbi, wadda ake kira kusurwar His. Abin da ke riƙe duk wannan a wurinsa shi ne wani tantani mai naushi da ya taso daga ƙasan dayafaram ya kama bangon bututun sama da ƙasa. Tantanin yana barin bututun ya ɗan zame sama lokacin haɗiya ya dawo, kuma ya toshe ratar da ke tsakanin ƙirji da ciki. Ga mai aiki da na'urar leƙa ciki, wannan wuri yana kimanin santimita 38 zuwa 40 daga haƙoran gaba a baligi, kuma idan aka ce mara lafiya ya ja iska ta hanci da sauri za a ga inda dayafaram ya tsuke bututun.

Abokan tafiyar bututun abinci su ne jijiyoyin saƙo na begas guda biyu. A wuya da saman ƙirji sunansu ta dama da ta hagu, amma kafin su iso ƙofar sun saƙa raga a jikin bututun sun sake haɗuwa, sun zama ta gaba da ta baya. Ta gaba yawancin zarenta daga ta hagu ne, ta baya kuma daga ta dama. Dalilin yana can a halittar ɗan tayi: tumbi ya juya digiri 90, gefensa na hagu ya dawo gaba, ya tafi da jijiyar da ke jikinsa. Ta gaba tana ba tumbi rassa tana aika reshe zuwa hanta da matsarmama, ta baya tana aika babban reshe zuwa curin jijiyoyin saƙo na siliyak da ke gaban ayota a bayan tumbi, daga nan zuwa hanji. Idan aka ji musu rauni lokacin fiɗa a wannan ƙofa, tumbi yakan yi nawar sauke abinci, mutum ya riƙa kumburin ciki da tashin zuciya, wani kuma gudawa.

Sauran masu bi ta nan su ne rassan jijiyar kai jini ta tumbi ta hagu da suke hawa zuwa ƙasan bututun, da jijiyoyin dawo da jini da ke rakiyarsu, da magudanan limf. Jijiyoyin dawo da jinin nan ƙanana ne, amma ka ba su muhimmanci. Na ƙasa suna zuba cikin tsarin fotal, wanda ke kai jinin hanji da tumbi da saifa zuwa hanta. Na sama suna zuba cikin azigos, wadda ke kai wa zuciya ba tare da bi ta hanta ba. A bangon ƙasan bututun tsarin biyu suka haɗu. Idan hanta ta taurare jini ya kasa ratsa ta, sai ya nemi wannan ɓarauniyar hanya, jijiyoyin su kumbura su yi jirwaye a ƙarƙashin fatar cikin bututun. Ranar da ɗaya ta fashe, aman jini ne mai yawa da kan iya kashe mutum cikin sa'o'i. Magudanan limf ɗin kuma su ne hanyar da cutar daji ta ƙasan bututun ke bi ta sauka zuwa kaluluwar da ke kewaye da jijiyar kai jini ta siliyak, ko ta saman tumbi ta hau ƙirji.

Tunda bakin wannan ƙofa tsoka ce, ita ce ke saki. Tsufa, ƙiba, juna biyu, tari mai daɗewa da yawan yunƙuri duk suna buɗa majajjawar su sassauta tantanin riƙon. Sakamakon shi ne kutsawar tumbi cikin ƙirji, abin da likitoci ke kira haniyar hayatus. Kusan kashi 95 cikin 100 nau'in zamewa ne: mahaɗar bututun da tumbi ita ce ke zamewa sama ta shige ƙirji. Da ta zame, zoben ciki ya rabu da majajjawar waje, guntun bututun da ke cikin ciki ya ɓace, kusurwar His ta miƙe, sai ruwan tsamin tumbi ya samu hanya. Ƙwannafi ke nan, wanda ke tsananta idan an kwanta ko an sunkuya bayan cin abinci. Da yawa masu wannan nau'i ba sa jin komai, masu ji kuma akasari rage ƙiba, ɗaga kan gado, barin sa'o'i 2 zuwa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, da maganin rage tsami sukan wadatar.

Ɗaya nau'in shi ne na gefe, inda saman tumbi ke naɗowa ya hau ta gefen bututun, wani lokaci mahaɗar tana nan a wurinta, wani lokaci ita ma ta hau, a mafi tsanani har hanji ko saifa su biyo. Bai kai na farko yawa ba amma ya fi shi haɗari, domin tumbin na iya murɗewa jini ya daina isa gare shi. Alamar da ba a wasa da ita ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ko ƙirji, yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, kuma a kasa zura robar hanci zuwa tumbi. Wannan fiɗar gaggawa ce. Akwai kuma wata illa mai zuwa a ɓoye: inda bakin ƙofar ke gogar tumbin yakan yi ƙananan gyambuna masu tsiyayar jini kaɗan-kaɗan, mutum ya zo da ƙarancin jini ba a san dalili ba. Gyaran a fiɗa yana bin tsarin da muka bayyana: a dawo da tumbin ciki, a cire jakar da ya shiga, a saki bututun har a samu santimita 2 zuwa 3 a ƙasan dayafaram ba tare da ja ba, a ɗinke ginshiƙan a bayansa, sannan a naɗa saman tumbi a kewayen bututun, ko cikakken naɗi na digiri 360 irin na Nissen, ko na digiri 270 ta baya irin na Toupet. In an tsuke da yawa haɗiya ta yi wuya, in an bar shi sakwa-sakwa cutar ta dawo.

Ƙofar ayota tana T12, kuma kiranta ƙofa ma sassauci ne. Rata ce tsakanin dayafaram da ƙashin baya: a bayanta ƙashi, a gefunanta ginshiƙai biyu, a gabanta bakan tsakiya. Ayota ba ta huda tsokar ba, ta bayanta ta zame. Ga amsar tambayarka kai tsaye: idan dayafaram ya ɗame, zaren tsokar ba ya tsuke wannan ratar, ƙashin kuma ba ya motsi, saboda haka babbar jijiyar da ke ɗauke da jinin rabin jiki ba ta shaƙuwa.

Tare da ayota akwai babban magudanar limf ta ƙirji. Tana farawa daga wata 'yar jaka a gaban L1 da L2, ta shiga ta wannan rata a gefen dama na ayota, ta hau tsakanin ayota da azigos, ta tsallaka hagu wajen T5, ta ƙare a gindin wuya ta hagu inda manyan jijiyoyin dawo da jini na wuya da hannu suka haɗu. Ita ke ɗauke da limf na duk jiki ban da dama na kai da wuya da ƙirji da hannun dama, har da kitsen da hanji ya tsotsa, shi ya sa ruwanta fari ne kamar madara. Idan ta fashe ƙasa da T5 ruwan yakan taru a ƙirjin dama, idan sama da nan a na hagu. Idan kuma za a ɗaure ta, wurin da ya fi tabbas shi ne daf da saman dayafaram ta ƙirjin dama, inda akasari take guda ɗaya ba ta rarrabu ba. Ta uku ita ce jijiyar azigos. Littattafai sukan jera ta a nan, kuma sau da yawa nan take bi, amma a wasu mutane ginshiƙin dama take hudawa. Idan ka ga littattafai biyu sun saɓa a kanta, jikin mutane ne ya saɓa.

Da ayota ta wuce bakan tsakiya, nan take take fitar da jijiyoyin kai jini na ƙasan dayafaram da kuma reshen siliyak, mai ciyar da hanta da tumbi da saifa. A wasu mutane bakan yana sauka ƙasa fiye da yadda aka saba, ko siliyak ta fito sama, sai bakan ya danne ta, kuma dannewar ta fi tsanani lokacin fitar da iska. Da yawa ana ganin haka a hoto ba tare da wani ciwo ba. Kaɗan ne ke samun ciwon saman ciki bayan cin abinci da rama, kuma ba a ɗora laifin a kan bakan sai an kore sauran dalilai.

Ƙananan hanyoyin ba su da wuya idan ka bi su daga gaba zuwa baya. Tsakanin zaren da ya taso daga ƙashin ƙirji da wanda ya taso daga guringuntsin haƙarƙari na 7 akwai 'yar rata mai kusurwa uku a kowane gefe, jijiyoyin jini na saman bangon ciki ke sauka ta nan, ci gaba ne na waɗanda ke bin bayan ƙashin ƙirji, tare da magudanan limf. A gefe, jijiyoyin saƙo da na jini na tsakanin haƙarƙari, na 7 zuwa na 11, suna ratsawa tsakanin yatsun tsokar su shiga bangon ciki. Ginshiƙan biyu kuma jijiyoyin saƙo na sifilankinik ke huda su, babba daga T5 zuwa T9, ƙarama daga T10 da T11, da 'yar auta daga T12, su ne ke ɗauke da saƙon ciwo daga kayan ciki na sama. Hemiyazigos, takwarar azigos ta hagu, takan huda ginshiƙin hagu. Sarƙar jijiyoyin saƙo ta simfatetik, wadda ke bin gefen ƙashin baya, tana wucewa ta bayan bakan ciki, jijiyar saƙo da ta jini na ƙarƙashin haƙarƙari na 12 suna wucewa ta bayan bakan waje.

Saura wata rata da babu abin da ke bi ta cikinta, amma ita ce ta fi kowace muhimmanci ga jariri. A baya ta gefe, sama da bakan waje, tsakanin zaren haƙarƙari da na kwankwaso, akwai wurin da tsoka ta yi ƙaranci, wani lokaci tantani kawai ya raba saman ƙoda da jakar huhu. Dayafaram daga sassa huɗu ya haɗu a ɗan tayi: shingen da ya zama agarar tsakiya, tantani biyu na baya da suka rufe hanyoyin da ke tsakanin ƙirji da ciki, naman da ke riƙe da bututun abinci wanda ya zama ginshiƙai, da tsokar da ta shigo daga bangon jiki. Hanyoyin baya suna rufewa wajen mako na 8. Idan ɗaya ba ta rufe ba, hanji da tumbi da saifa, wani lokaci har hanta, sai su hau ƙirji. Wannan ce haniyar Bochdalek, sunan masanin da ya bayyana ta a 1848. Ana samunta a kimanin haihuwa ɗaya cikin 3,000, kuma kusan kashi 85 cikin 100 a hagu take.

Ramin ba shi ne babbar matsalar ba, huhun ne. Ya taso a matse, bai cika ba, jijiyoyin jininsa sun yi kauri, matsin jini a cikinsa ya yi yawa. Jaririn yakan fito da wahalar numfashi, ciki a lotse, bugun zuciya ya koma dama. Kuskuren da ya kamata duk mai karɓar haihuwa ya sani shi ne hura masa iska da jaka da marufin fuska: iskar tana shiga tumbi da hanjin da ke ƙirji, su kumbura su ƙara danne huhun. Abin yi shi ne a sa bututun numfashi kai tsaye, a zura roba zuwa tumbi a zuƙe iska, a daidaita jaririn tukuna, fiɗa ta biyo baya bayan kwanaki. Takwararta ta gaba, wadda ke bi ta ratar bayan ƙashin ƙirji, ita ce haniyar Morgagni. Ba ta da yawa, ta fi faruwa a dama domin jakar zuciya ta tokare hagu, kuma sau da yawa sai mutum ya girma ake ganinta a hoton ƙirji.

Halittar ɗan tayi ita ce kuma ta bayyana abin da ya kai jijiyar wuya ga tsokar da ke ƙasan ƙirji. Shingen farko a yankin wuya ya fara, ya sauko da jijiyarsa, shi ya sa firenik ta fito daga C3, C4 da C5. Ita kaɗai ke ba dayafaram umarnin motsi, kuma ita ke ɗauke da jin tsakiyarsa, gefunan kuwa jijiyoyin tsakanin haƙarƙari ne. Fatar kan kafaɗa ma daga C3 da C4 take samun ji. Don haka jini ko mugunya ko iska da ta taɓa ƙasan tsakiyar dayafaram takan sa ciwo a kan kafaɗa. Wanda ya yi haɗari yana kukan kafaɗar hagu alhali kafaɗar lafiya lau, a binciki saifarsa. Mace mai ciwon mara da jiri da ciwon kafaɗa bayan ɓatan wata, a yi tunanin cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe.

Ban da ƙofofin da ke da suna, akwai ƙananan huji da magudanan limf a agarar, sun fi yawa a dama. Ta nan ruwan da ya taru a cikin mai taurin hanta ke tsotsuwa ya cika ƙirjin dama, domin matsin ƙirji ya fi na ciki ƙasa, wani lokaci har a ga ƙirji cike alhali ruwan cikin kaɗan ne. Haka ruwan wankin ƙoda da ake zubawa ta ciki yakan bi wannan hanya.

Akwai kuma ƙofar da rauni ke buɗewa. Lokacin fitar da iska tozon dama yana kaiwa wajen haƙarƙari na 5, kusan daidai kan nono a namiji, na hagu ƙasa kaɗan. Saboda haka duk sukar wuƙa ko harbi daga layin nono zuwa ƙasa ta gaba, ko daga tsinin allon kafaɗa zuwa ƙasa ta baya, ana ɗaukarsa ya iya ratsa dayafaram ya shiga ciki har sai an tabbatar bai shiga ba. Wannan ne ma ya sa ake sa robar zuƙe ƙirji a tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 ko na 5 da na 6, ba a yin ƙasa da haka, don kada a faɗa hanta ko saifa. Fashewar da bugun mota ke jawowa an fi ganinta a hagu, inda babu hanta da za ta tare. Ƙaramin huji a hagu ba a dogara da cewa zai rufe da kansa, domin tsokar ba ta hutawa kuma bambancin matsi yana tura kayan ciki sama a kowane numfashi. Hoton ƙirji na ranar farko yana iya fitowa lafiya, bayan watanni ko shekaru mutum ya dawo da hanji ko tumbi a shaƙe cikin ƙirji. Shi ya sa a sukar ƙasan ƙirjin hagu likitoci da yawa suke leƙawa da kyamarar fiɗa su ga dayafaram ɗin da ido, in akwai huji su ɗinke shi da zaren da ba ya narkewa.